An Shafa Fatiha, Ban Tashi Ba

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yanzu muka fito daga taron daraktoci. Taron tsintsiya ba shara, kamar yadda muka saba, sai dai na yau ya tsaya mini a rai. Bari in zayyana yadda muke, ko na gano inda gizo ke saƙar.

Mu biyar ne a hukumar kamfaninmu na man gyaɗa da ke Sharada a Kano. Baba, Alhaji Inuwa, shi ya kafa kamfanin kuma shi ne ciyaman. Sai ƙaninsa Baffa Abdulbaqi mai kula da ciniki, da ƙanwarsu Gwaggo Hajjo, da wana Yaya Jamilu, manajan darakta. Sai ni Aina'u, auta, wadda aka ɗora wa rubuta abin da aka tsayar. Ba aikin da ya kai nawa sauƙi, don ba a tsayar da komai.

Magana ɗaya na shiga da ita: boila, tukunyar da ke ba mu tururin dafa gyaɗa kafin a matse. Ranar Alhamis wani bututunta ya tsage, tururi ya ƙone Usaini mai kula da ita daga kafaɗa har gwiwar hannu. Injiniya Ɗayyabu ya ce jikinta ya gama ci, walda ce a kan walda, dole a kashe ta kamar wata guda a yi gyara na gaske. Amma dokar kamfani, wadda Baba ya kafa da kansa, ta ce ba a tsayar da masana'anta fiye da yini ɗaya sai hukuma ta zauna ta amince.

Muka zauna. Aka gaisa, aka tambayi iyali da jikoki da surukai. Aka kawo shayi da gurasa. Baba ya ba mu labarin yadda ya fara sayen gyaɗa a kan keke a ƙauyukan Gezawa. Aka tattauna wa zai je mana ta'aziyya Haɗeja, aka yi musu a kan kalar fentin get. Boila tana can ƙasan ajanda, ni kuwa na sa ta a wurin, wai babbar magana sai an natsu. Muna tsakiyar fenti Baba ya ɗaga hannuwa ya ce, “To, Allah ya sa mun yi a sa'a. A shafa Fatiha.”

Kowa ya shafa, kowa ya miƙe. Ni ma na miƙe. A gidanmu in Baba ya shafa Fatiha magana ta mutu, ko ta gado ce ko ta aure. Tun ina goye haka na tarar, kuma ban taɓa ganin wanda ya koma ya zauna ba.

Bai taɓa rufe taro a tsakiya ba. Gajiya ce wataƙila.

Talata, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Na je asibiti duba Usaini. Matarsa Safiya ta zo tun daga Panshekara da kunu a fulas, tana ta ba ni kujera kamar ni ce mara lafiyar. Ban iya duban hannun ba, sai na yi ta duban fankar sama.

Ya ce, “Hajiya, wa aka sa a gaban boilar yanzu?”

Na ce Sagir.

Ya ce, “Ku ce masa kar ya ba ta baya. In ta fara wannan kukan, ya bar komai ya fita.”

Sagir 'ya'yansa huɗu. Na san haka don ni na aika da ragon sunan na ƙarshen.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da azahar

Boila tana kunne.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da safe

Na tare Yaya Jamilu a ofishinsa kafin ya fara amsa waya. Na ce ya kashe ta kawai, a yi taron daga baya.

Ya ce, “Kina so a ce na yi wa Baba juyin mulki yana raye? Dokarsa ce, Aina'u. In na taka ta yau, gobe Baffa zai taka wata ya ce ni na buɗe ƙofa.”

“In wani ya mutu fa, Yaya?”

“Na sa an rage mata wuta.”

Yaya mutumin kirki ne, amma ko sauro ne ya cije shi sai ya kafa kwamiti. Da ƙyar ya yarda a kira taron gaggawa ranar Litinin. Har na kai bakin ƙofa na juyo na ce, “Yaya, ka lura da Baba kwanan nan?” Ya ce shekaru ne da yawan zirga-zirga, ya ɗauki wayarsa da ba ta yi ƙara ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da yamma

Na zauna na yi wa taronmu tiyata. Ciwonsa a fili yake. Muna zuwa ba wanda ya san me za a tattauna, muna fara da ƙananan abubuwa, kowa yana magana har sai yawunsa ya ƙafe, kuma ba wanda ke cewa ga abin da za a yanke. Saboda haka na taƙaita bayanin Ɗayyabu a shafi ɗaya na tura wa kowa ta waya tun yau. Ajanda abu uku kacal, boila a sama, kowane da lokacinsa a gefe. Wayoyi a faranti a bakin ƙofa. Shayi sai an tashi.

Gwaggo ta kira ni ta ce, “Ke 'yar nan, me shayi ya yi miki?” Na ce rigakafi ya fi magani, Gwaggo. Ta ce ita maganinta ke nan na ɗauke.

Ina jin ƙarfi a jikina. Wannan karon sai an yanke.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ba a yanke ba.

Faranti ya yi aiki, kowa ya ajiye waya. Baffa ya zo a makare, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa kamar wanda ya dawo daga Makka. Na buɗe baki zan karanta abu na farko, sai ya juya wajen Baba ya ce, “Yaya, wai a wace shekara ce kuka sayi keken nan?”

Shi ke nan, muka hau keke. Muka je Gezawa muka dawo. Na yi gyaran murya, Baba ya dube ni ya yi murmushi, ya sake ɗaukar labarin daga farko, kalma a kan kalma, har da wurin da tayar ta fashe. Ba mai katse babba yana magana, balle Baba. Na bi lokutan da na rubuta a gefen ajanda da ido suna wucewa.

Daga nan ya duba ɗakin ya ce, “Ina Malam Sule? A kira shi mana, shi ya san kan injin nan.”

Malam Sule ya rasu tun ina jami'a. Baba ne ya yi masa salla.

Ba wanda ya ɗaga kai. Baffa ya yi sauri ya ce, “Yaya, azahar ta gabato, ko za ku shafa mana?” Baba ya ɗaga hannuwa. Muka shafa, muka miƙe. Na sake miƙewa da ƙafafuna, ba wanda ya ɗaga ni.

Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na fito na raba wa mutane wayoyinsu.

Talata, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Boila tana kunne. Sagir ne a gabanta da safe, wani Bamaraɗe mai suna Sadiq da yamma.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da yamma

Na bi Baffa har sito a Bompai. Tireloli sun toshe hanya, sai da na bar mota na taka. Na same shi a tsaye ana loda jarkoki. Na durƙusa na gaishe shi, don fushi bai hana tarbiyya, sannan na ce, “Baffa, da gangan kuka yi.”

Bai musa ba. Ya ja ni gefe.

“Lokacin kaka ne, Aina'u. Sabuwar gyaɗa ta cika kasuwar Dawanau, dilolin kasuwar Singa suna jiran mai. Ki rufe wata guda ki gani in za ki same su inda kika bar su. Su kansu leburorin da kike tausayi, wa zai ciyar da su? A lallaɓa ta zuwa bayan kaka.”

“In ta yarda a lallaɓa ta.”

“Rai a hannun Allah yake.”

“Haka ne, Baffa. Amma makunnin a hannunmu yake.”

Ya daɗe yana kallon masu lodi. Da ya sake magana muryarsa ta sauka. “Kin ji wanda ya tambaya shekaranjiya. Kina so in bar shi ya ci gaba a gaban 'ya'yansa? Shi ya goya ni. Ni dai ba za a tozarta yayana ina zaune ba. Gara a tashi da mutuncinsa.”

Na zo da niyyar faɗa, na koma ba abokin faɗa. Da mugu ne da na ji sauƙi. Rabin maganarsa ciniki ne, rabi ƙauna, kuma na tabbata shi kansa bai san inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta fara ba. Amma Usaini yana kwance, kuma ƙaunar Baffa ba ta toshe bututu.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da safe

Na karya kumallo da Baba a gida. Yana cikin walwala, har yana tsokanata wai na rame kamar kamfanin ba ya yin mai. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na yi masa bayanin boila a hankali. Ya ajiye cokali ya ce, “Subhanallahi. A kashe ta mana, Uwata. Me ake jira? Mutum ya fi gyaɗa.”

Wannan shi ne Babana. Na fita ina jin kamar in yi tsalle.

Alhamis, bayan azahar

Na koma da Yaya don ya ji da kunnensa. Baba ya tambaye mu wace boila.

Ba zan rubuta sauran ba.

A mota Yaya ya ce ko da Baba ya maimaita, maganar falo ba hukuncin hukuma ba ce, Baffa zai ce mun ritsa tsoho shi kaɗai. Gaskiya ya faɗa. Na ji haushin da ya zama gaskiya.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da yamma

Ta yi kukan da Usaini ya faɗa. Sagir ya bar komai ya fita, takalminsa ɗaya a ciki. Ba wanda ya ji rauni. An kashe ta, an yi walda, an sake kunnawa kafin la'asar, don doka ta ba da yini ɗaya. Ɗayyabu ya same ni ya ce, “Hajiya, ni ba zan ƙara sa hannuna a wannan facin ba. Ku nemi wani.” Na roƙe shi ya ba ni zuwa Litinin.

Na sa Yaya ya sake kiran taro. Bai kafa kwamiti ba, ya ga takalmin.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Na je Zawaciki wurin Gwaggo Hajjo. Na tarar tana gyaran zogale a tsakar gida, ta miƙo mini faranti ta ce in hannu na aiki baki ya fi faɗin gaskiya.

Na gane kuskurena na makon jiya. Na gyara takarda, na gyara lokaci, ban gyara mutane ba. Taro tun kafin a shiga ɗaki ake cin sa. Na zayyana mata komai, har da takalmin Sagir.

Ta ce, “Ni fa karatun injinku ban sani ba. Amma na san tukunya. In ta tsage ba a ƙara mata wuta.”

“To za ku ɗaga hannu, Gwaggo?”

“In an kai wurin ɗaga hannun. Babanku zai shafa Fatiha, ke ma kin sani.”

Na ce na sani. Na ce zan shafa tare da kowa, amma ba zan tashi ba.

Ta daina tsinkar zogalen. Ta dube ni har na sunkuyar da kai.

“Kin san abin da za a ce? Za a ce 'yar Inuwa ta yi boko har ta fi ƙarfin ubanta. A gidan suna za a faɗa, a gidan biki za a faɗa.”

“Na sani.”

“Kuma shi zai gane. Abin da muke ta rufewa, ke za ki buɗe masa.”

Ita ce ta fara faɗin abin a fili, ko da ba ta kira sunansa ba. Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin mayafi, ta ce hayaƙin maƙwabta ne. Can ta ce, “To. In kin zauna zan zauna. Gwiwoyina ma dama ba son tashi suke ba.”

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da la'asar

Na kira Yaya. Na ce ba na neman ya yi magana, hannu kawai zai ɗaga. Ya ce Allah ya kai mu. Wannan a bakin Yaya yana iya zama i, yana iya zama a'a.

Na kira Baffa ma, don ba na son a ce na yi masa kwanton ɓauna. Na gaya masa abu ɗaya ne a ajanda, za a ba shi lokaci ya faɗi hujjarsa ba mai katse shi, sannan a ɗaga hannu. Na ce na sa a cikin ƙudurin kashe boilar da zan gabatar cewa ba za a sallami lebura ko ɗaya ba, za a mayar da su gyaran sito da wankin tankuna har a gama. Ya ce, “Kin girma, Aina'u.” Ban san ko yabo ba ne.

Ƙudurin jimla biyu ne. Na karanta shi a gaban madubi har ya zauna a bakina. Abin da na kasa gwadawa shi ne ɗaya maganar, wadda zan faɗa wa Baba.

Tsoro nake ji. Ina son mahaifina fiye da kamfanin nan da duk abin da ke cikinsa. Gobe zan kunyata shi a gaban ƙannensa, kuma zan yi.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da yamma

Na roƙi Baba ya buɗe da addu'a, ya buɗe. Kafin a shafa a sauke hannu na ce, “Ranka ya daɗe, abu ɗaya ne gabanmu yau,” na karanta ƙudurin. Gaisuwa mun yi ta a baranda, na tabbatar da haka.

Ɗayyabu ya shigo ya yi bayani a taƙaice, ya ajiye guntun bututun da ya tsage a kan tebur, ya fita. Baffa ya yi nasa. Ya yi magana mai kyau, kuma bai tambayi keke ba, Allah ya saka masa. Gwaggo ta ce ita ta ji, a wuce. Na ce, “To, saura a ɗaga hannu.”

Baba yana ta juya guntun bututun a hannunsa. Da ya ji an yi shiru, sai ya ajiye shi ya ɗaga tafukansa. Ba wanda ya tunzura shi wannan karon.

“To, Allah ya sa mun yi a sa'a. A shafa Fatiha.”

Na karanta tare da kowa, na shafa. Kujeru suka yi ƙara. Baba ya miƙe, Baffa ya miƙe ya ɗauko masa sanda, Yaya ya miƙe. Na dafe tebur da hannu biyu don ƙafafuna suna neman bin su.

Na ce, “Baba, ku yi haƙuri. Ba mu gama ba.”

Muryata ta fito ƙarama, amma ta fito. Baffa ya ce, “Aina'u,” a hankali, kamar mai roƙo. Gwaggo tana zaune ta zuba wa tebur ido. Yaya ya tsaya riƙe da bayan kujera, bai tafi ba, bai zauna ba.

Baba ya dube ni. Ya dubi takardar da ke gabana, ya dubi bututun, ya dubi ƙaninsa. Na ga lokacin da abin ya isa gare shi. Ba zan so maƙiyina ya ga haka a fuskar mahaifinsa ba.

Ya ce, “Ba mu gama ba?”

“Saura ɗaga hannu, Baba. A kan boila.”

Ya koma ya zauna. Yaya ya zauna. Baffa ya daɗe a tsaye da sandar a hannu, sannan shi ma ya zauna.

Baba ya ce, “Sake karanto mini, Uwata.”

Na karanta. Na ɗaga hannu, Gwaggo ta ɗaga, Yaya ya ɗaga nasa yana kallon ƙasa. Baba ya ɗaga. Baffa bai ɗaga ba, ya ce a rubuta bai amince ba, na rubuta kamar yadda ya faɗa. Na karanta wa kowa abin da aka tsayar da wanda zai aiwatar. Yaya ya karɓi wayarsa daga faranti ya kira Ɗayyabu a gabanmu. Ba a jima ba muka ji ƙugin da muka saba da shi ya fara sauka har ya ɗauke. Ta taga na hango Sagir ya fito yana goge wuya da tsumma.

Ba wanda ya sha shayin. Baffa ya fita bai yi mini sallama ba.

Baba ya sallami direbansa ya ce ni zan kai shi gida. Muka fito daga Sharada. Na shirya wa faɗa, na shirya wa a ce kar in ƙara taka kamfanin. Muna tsaye a bayan wata tirela ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Yau ne farko?”

Na so in ce i. Na ce, “A'a, Baba. Na uku ke nan.”

“Kuma duk kuka tashi.”

“Muka tashi.”

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana murza carbinsa, ba ja yake ba, murzawa kawai. Tirelar ta motsa, na bi ta.

Ya ce, “Gobe ki kai ni wurin likita. Ki shiga tare da ni, Uwata. In na ce masa mun gama, ke ki zauna.”

Na ce to.